Wane aikin hannu mara wahala tsohuwa za ta iya yi yanzu da kaka?

Maman Sadiƙ:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, ya kaka? Dan Allah shawara nake nema akan mahaifiyata. Inna shekarunta sun kai 74 ko ma sun ɗan haura, tunda Baba ya rasu bara waccan muka ɗauko ta daga ƙauyenmu can wajen Malumfashi ta dawo wajena nan Kaduna, saboda ba mai zama da ita a gida, ƙannena maza duk sun fita neman abinci. Lafiya dai alhamdulillah, akwai ciwon gwiwa da hawan jini tana shan magani, ido ɗaya an mata aikin yana, ɗayan kuma likita yace a ɗan jira tukuna.

Abinda ke damuna shine zaman shiru. Matar da na taso na gani tun asuba tana tsakar gida, in ba ta wajen awaki tana wajen surfe in ba ta nan tana gindin bishiya da wani abu a hannu, yanzu daga sallaya sai gado, rediyo a gefe carbi a hannu, ni na tafi makarantar da nake koyarwa yara ma sun tafi tasu, sai ta wuni ita da yarinyar da ke taya mu aiki kuma ko tsintsiya ta ɗauka yarinyar zata karɓe don ni nace kar a barta ta yi komai. Tunda ruwa ya ɗauke iska ta fara juyawa abin ya ƙaru, kullum sai ta tambayeni ko an fara yankan dawa a gida, ko audugar su wane ta fashe, ko an tuge gyaɗa. Shekaranjiya na dawo na isketa ta warware bakin wani tsohon buhun shinkafa tana murza zaren a cinya, tana ganina sai ta tura ƙarƙashin filo kamar wadda ta yi laifi, wlh sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

To shine nace bari in tambaya, wane aikin hannu ne mara nauyi wanda baya son ido sosai kuma ba wuƙa da yawa a ciki, da dattijuwa zata iya yi tana zaune? Ba don kuɗi ba, don dai hannunta ya samu abin yi. Kayan aiki ba matsala, akwai direban garinmu da ke shigowa Kaduna duk sati, kuma yanzu kaka ce komai akwai a gida, kara ne, auduga ce, duma ne. Wanda ya taɓa gwadawa da nasa tsohon dan Allah ya faɗa min.

Goggon Yara:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ke kuma Allah ya baki ladan riƙo. Ni ma na ba sittin baya don haka abinda Innarki ke ji na san shi a jikina.

Kafin ki je nesa, ki zauna ki tambayeta ko ta iya kaɗi. Mace 'yar ƙauyen Malumfashi mai shekara 74 da wuya ace bata riƙe mazari ba tana yarinya, ƙasar auduga ce ai, mu a lokacinmu yarinya bata kai aure sai ta iya, da kuɗin zare ake tara wasu daga kayan ɗaki. Kuma abin da ya sa na ce kaɗi, shi ba aikin ido bane aikin yatsa ne, kakata har ta daina gani sosai tana kaɗi da daddare gaban aci-balbal tana mana tatsuniya, yatsun ne ke jin kaurin zaren.

Ga abinda zaki sa a kawo miki. Auduga mai kyau wadda aka tsinta da tsabta ba haki, ɗan kaɗan ya isa farko, kar ki cika mata ɗaki. Mazari biyu, babba da ƙarami, shi tsinke ne da ɗan gululun yumɓu a ƙasansa, a kasuwar ƙauye ana samu wajen tsofaffi ko a tambayi sa'o'inta da ke gida, wataƙila ma nata yana nan cikin tsohon kwando ba wanda ya taɓa. Sai alli da ake shafawa a yatsu don kar su yi santsi, da ɗan ƙyallen fata ko ƙaramar tasa da gindin mazarin zai dinga juyawa a kai, da taskira ta zuba kayanta.

Inda wahalar take shine gurza da shiɓa. Gurza sai an duƙa akan dutse ana murza ƙarfe ana fitar da gurya, bayanta da gwiwarta ba zasu so ba, shiɓa kuma, wato kaɗe audugar ta yi laushi, da ɗan baka mai tsirkiya ake yi tana tada ƙura. To waɗannan biyun kar ta yi, a yi mata su can gida a naɗo mata sutu, wato shiɓaɓɓiyar audugar da aka naɗe don kaɗi, a kawo, ko ta nuna wa yaranki su yi a waje tana kallo. Ita nata ta riƙe sutu a hagu ta murza mazari da dama. Kuma ta fara da abawa wato zare mai kauri mai laushi, shi baya yawan tsinkewa, kar ta ce sai siririn zare irin na da, in ya dinga tsinkewa ranta zai ɓaci ta ce hannunta ya mutu alhali shekara nawa rabonta da shi.

Abu ɗaya zan roƙeki, zaren in ya taru kar ki barshi a kwali. Ki nemi masaƙi ko mace mai saƙa a gida a saƙa mata ko da majanyi ne ko ɗan gwado na rufa tunda ga ɗari nan tafe, ta ga jikanta a goye da abin da hannunta ya kaɗa. Mu tsofaffi muna ganewa in an bamu aiki don a rarrashe mu ne kawai.

Abu Fatima Funtuwa:

Salam. Goggo ta gama magana akan kaɗi, nan Funtuwa auduga a gabanmu take amma masu kaɗin sai ka tona, dattawa suna cewa tunda aka buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957 zaren inji ya cika kasuwa abin ya dinga ja baya. Ni dai ta ɓangaren mahaifina zan yi magana ko zai yi amfani, tunda kin ce kin ganta tana murza zaren buhu, to wannan ai tufka ce take yi Hajiya.

Baba ya kai 80, ya bar zuwa gona shekara huɗu kenan saboda ƙafa, shekarar farko ya zama mai faɗa sosai kowa ya shigo sai ya samu laifinsa, sai wani amininsa ya kawo masa ɗaurin rama da kaka yace ya tufka masa igiyar ɗaure tumaki. Shikenan. Yanzu duk kaka in an yanke rama muna jiƙa masa ita a ruwa kwanaki har bawon ya saki, a wanke a shanya, shi kuma ya zauna a zaure bayan hantsi ya maƙale bakin igiyar a babban ɗan yatsan ƙafa yana tufka ana hira, kuma unguwa kowa ya san inda zai samu igiyar talala ko ta shanya. In rama ta ƙare sai ya koma buhu, yara su warware masa. Ita Inna tana iya yin siririya ta haɗa ragaya irin wadda ake rataye ƙwarya, ko ba a rataye nono a gidanki ai a rataye albasa ko tukunyar fulawa. Sai dai zaren buhu yana cin fata in an daɗe, ramar tafi taushi, ta dinga shafa man kaɗanya ko basilin in ta gama.

Na biyu kara. In an yanke dawa ki sa a zaɓo miki kara miƙaƙƙe busasshe, a kakkaɓe shi sosai kafin a ɗora a mota kuma kar a jingine shi a ɗakin da take kwana, kunama na son tarin kara. Da totuwar ciki da bawon ake yin motar kara da keji da gadon 'yartsana da tabarau, abin da muka yi muna yara wanda yaran birni basu taɓa gani ba. Baba shi ke nuna wa jikoki ranar Alhamis da Juma'a da ba makarantar allo, har alƙalamin kara yake fiƙe musu. Amma ki kula, bawon kara kaifi gareshi kamar reza, ni kaina akwai tabo a yatsana tun ina firamare, don haka babba ya ɓare, ita ta dinga sossokawa a totuwar tana haɗawa da yaran.

Baban Ilham:

Ku yi haƙuri ni dai ra'ayina ya bambanta. Baiwar Allah nan ta yi wahala shekara sama da hamsin, ta yi daka ta yi surfe ta ɗebo ruwa ta raini yara, yanzu Allah ya kawota inda zata huta kuma sai a sake ɗora mata auduga da igiya? Ku tuna fa mutanenmu, wani ya shigo gaisuwa daga ƙauye ya ganta tana tufka a gidan 'yarta, kafin ya koma labari ya riga shi cewa an kai Inna birni an sata aiki. Ni tawa mahaifiyar ko kofi bana bari ta ɗauka. A saya mata rediyo mai kati a zuba mata karatu da tafsiri, a dinga kaita gidajen 'yan uwa, lokacin ibada ne yanzu a wajenta. Ban ce don in ɓata wa kowa ba Hajiya, uwa ce shi ya sa.

Anti Nas:

Baban Ilham niyyarka mai kyau ce Allah ya saka, kuma maganar bakin mutane gaskiya ce akwai ta. Amma ni shekarata 19 ina aikin jinya kuma dattawa da yawa sun bi ta hannuna, wanda aka ce masa zauna kar ka taɓa komai shi ne gaɓoɓinsa ke saurin sanƙarewa, barcin dare ya gudu saboda ya yi na rana, abinci ya fita ransa. Ita da kanta ta nemo buhu ta warware ba wanda ya sata, kuma ta ɓoye, wannan ɓoyewar ita ta fi tsaya min a rai. Kaɗi ko tufka basa hana zikiri, iyayenmu da bakinsu na salati hannu na aiki muka gansu.

Maman Sadiƙ ga abin da zan ƙara ta fannina. Kar ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa awa biyu, da wannan gwiwar tashi zai zame mata aiki, a samu kujera mai majingina mara tsayi sosai a sa mata filo a baya, in ta yi kamar rabin awa ta miƙe ta ɗan zaga tsakar gida ta sha ruwa, da iskar nan ta bushewa tsofaffi basa jin ƙishi da wuri. A zaunar da ita inda haske yake, bakin ƙofa ko baranda da hantsi, hasken ya zo ta gefe ko ta bayanta kar ya dinga dukan idonta. In yatsu sun yi tauri da safe saboda sanyi ta tsoma su a ruwan ɗumi na 'yan mintuna kafin ta fara. Duk abin da zai sa a zura zare a ƙaramar allura a barshi, shi ya sa ban ce ɗinkin hula ba duk da mata da yawa na yi, basilla mai babban ido ita ce daidai ita, in kuma ulu ne a sayo kala masu haske da suka bambanta sosai, ja da fari ko ruwan ɗorawa da baƙi, kar a haɗa mata baƙi da shuɗi mai duhu.

Tunda an taɓa idon, in kun koma asibiti ki tambayi likitan idon game da ƙurar auduga, ki faɗa masa ainihin abin da zata yi. Kuma in ba a taɓa auna mata suga ba a auna, mai ciwon suga ɗan yanka a yatsa yana daɗewa bai warke ba, wannan zai nuna miki ko a bari ta taɓa kara ko a'a. Na ƙarshe, in kika ga duk da haka bata cin abinci, bata barci, tana yawan kuka ko cewa ta gaji da duniya, kar ki ce kewar gida ce kawai, ki faɗa wa likitanta, rashin abokin zama na shekara hamsin ba ƙaramin abu bane.

Ɗiyar Maraɗi:

Salamu alaikum, ina gaida Inna da kyau, ina gaida Goggo. Mu nan wajenmu abin da tsohi mata suka hi yi in an gama aikin gona shi ne kaba. Kun san tabarmin Madawa ai, har Najeriya ake kai su, da kabar goriba ake yin su. Amma tabarma babban aiki ce ga tsohuwa, ni hwaihwai zan ce ko mahuci.

Kakata da nike zaune da ita tana yi har yanzu. Ana tsaga kabar sirara a jiƙa ta cikin ruwa ta yi taushi, in ba a jiƙa ba karyewa take kuma ta yanki hannu, balle yanzu da iska ya bushe, sai a naɗe ta cikin jiƙaƙƙen tsumma tana zara ɗaya ɗaya. Ana kama ɗan dunƙulen haki siriri a dinga naɗe shi da kabar ana soka basilla ana haɗa shi da layin da ke ƙasa, haka haka yana zagayawa yana hwaɗi. Wurin da ya hi wuya shi ne cibiyar, wato hwarawa, wurin ƙanƙane ne yana son ido, to ni nike hwara mata in ya kai kamar tahin hannu in miƙa mata ta ci gaba. Kala kuwa in ana son na gargajiya karan dahi, wata irin dawa mai jan kara, ake dahwawa da 'yar kanwa ya ba da ja mai kyau, kuma yanzu ne lokacinshi, in babu a sayo galura a kasuwa. Wasu ɗiyan yanzu da ulu suke naɗewa ko zaren buhu mai kala maimakon kaba, ya hi taushi ga hannu ma, sai dai bai kai na kaba ƙarko ba in ana ruhe abinci mai zahi.

Duma kuma da kika ambata, ki bari ya bushe sarai tukuna sai ya yi sauƙi a hannu 'ya'yan na kaɗawa a ciki, kuma ba ita za ta hwahe ba, ƙurar cikin ɗaci gareta tana sa tari, namiji ya hwahe a waje a jiƙa a kankare. Zanen ƙwarya da wuƙa mai zahi ake yi wannan ma ba nata ba ne. Amma in an kawo mata luddai da ƙananan ƙoƙuna gyararru tana iya naɗe musu hannu da ulu ta saƙa musu murhi (marhi nike nuhi, ɗan hwaihwai daidai bakinsu), kakata ta yi ma ƙanwata guda shidda ta kai ɗakin miji, mutane sun ta tambaya ina aka saye. In za ki aika ki aika tun yanzu kaba da karan dahi ba su yi tsada ba, ba a hwahe gora ranar tahiya.

Maman Sadiƙ:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, ku yi haƙuri kwana biyu ban leƙo ba jarrabawa muke. Goggo maganarki ta fito, daren da na karanta na je na zauna bakin gadonta nace Inna wai kin iya kaɗi? Sai ta kalleni tace ke da me kike zaton aka saya miki tasoshin da kika tarar a ɗakina, ta fara bani labarin wata Iya da ta koya mata da yadda suke haɗuwa su biyar a ɗaki ɗaya da daddare bayan an gama kaka, har sha ɗaya ta wuce muna hira, rabon da ta yi doguwar magana haka tun rasuwar Baba. Mazarinta kuwa yana nan, ta faɗi inda ta soke shi a jikin rufin ɗakinta, matar ƙanena ta je ta samo guda biyu ɗaya gululun ya fashe.

Direba ya kawo ranar Talata da auduga shiɓaɓɓiya da 'yar kaba. Ranar farko zaren ya yi ta tsinkewa ta ajiye tace a bari, ban ce komai ba, washegari na dawo na tarar ta cika rabin mazari. Anti Nas mun je an auna suga lafiya lau, likitan ido yace ba laifi in dai ba a shiɓa kusa da ita ba kuma ta dinga sa gilashinta. Baban Ilham na faɗa mata abin da kace game da bakin mutane don nima ya tsaya min, tace duk wanda ya zo ita zata masa bayani da bakinta, kuma karatun da kace na zuba mata tana ji tana kaɗin.

Faifan ne bamu fara ba don ni ban iya cibiyar ba ita kuma bata gani, Ɗiyar Maraɗi in da hali ki ɗan ɗauko min bidiyon yadda kike farawa. Sannan Goggo ko wani da ya sani, abawa mazari nawa ake tarawa kafin ya isa majanyi ɗaya? Ƙanwata ce zata haihu wajen watan biyu, Inna tace nata take so ta fara yi.